Baƙo Mai Biza Ko Ɗan Gida: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Ɗaukar Ma'aikatan Fasaha A Amurka

Muhawarar da ake yi a Amurka kan ko kamfanonin fasaha suna fifita baƙi masu bizar aiki a kan 'yan ƙasa ta shafe sama da shekara talatin, kuma takan yi zafi duk lokacin da aka rage ma'aikata ko aka shiga kakar zaɓe. Amsoshin da ke ƙasa sun ta'allaƙa ne a kan bizar H-1B, domin ita ce ƙofar da mafi yawan injiniyoyin manhaja daga waje suke bi su shiga kasuwar aikin ƙasar.

Su wane ne ake kwatantawa idan an ce baƙo da ɗan gida?

A idon dokar Amurka, ma'aikacin gida ba wanda aka haifa a ƙasar kaɗai ba ne. Wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa daga baya, da mai katin zama na dindindin, da ɗan gudun hijirar da aka ba mafaka, duk suna cikin wannan rukuni, saboda kowannensu yana iya yin aiki a inda ya ga dama ba tare da wani kamfani ya tsaya masa ba. Don haka Bakanon da ya samu katin dindindin shekara biyar da suka wuce ɗan gida ne a wannan lissafi, alhali kuwa ɗan Indiya da ya yi digiri biyu a jami'ar Amurka, ya kuma shafe shekara goma yana biyan haraji a can, baƙo ne muddin bizar H-1B ce a hannunsa. Abin da ya raba su shi ne takardar da kowa yake riƙe da ita.

Mece ce bizar H-1B, kuma guda nawa ake bayarwa?

Dokar shige da fice ta 1990, wadda Shugaba George Bush na farko ya sa wa hannu, ita ce ta samar da wannan biza domin ayyukan da ke buƙatar aƙalla digirin farko a wani fanni na musamman. Kamfani ne yake nema wa ma'aikaci, mutum ba ya nema wa kansa. Ana ba da ita ta shekara uku, a sabunta zuwa shida, kuma ana iya wuce haka idan neman katin dindindin ya yi nisa.

Adadin sababbin bizar a shekara shi ne 65,000, sai ƙarin 20,000 da aka ware tun 2004 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko na uku a Amurka. An taɓa ɗaga adadin zuwa 195,000 daga 2001 zuwa 2003, sannan aka mayar da shi yadda yake. Jami'o'i da wasu cibiyoyin bincike ba sa cikin wannan ƙayyadewa. Da yake masu nema sun ninka guraben sau da yawa, hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, takan karɓi rajista a watan Maris ta yi ƙuri'a, wanda ya dace kuma ya fara aiki daga 1 ga Oktoba. A ƙuri'ar 2023 rajistar ta haura 780,000, kuma da yawa daga ciki sunan mutum ɗaya ne kamfanoni daban-daban suka shigar don ƙara masa sa'a, abin da ya sa daga 2024 aka koma ƙidaya mutum sau ɗaya komai yawan kamfanonin da suka rubuta shi. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na takardun da ake amincewa da su na 'yan Indiya ne, 'yan Sin suna biye da kusan kashi 12, kuma kusan biyu bisa uku na ayyukan duk na kwamfuta ne.

Shin dole ne kamfani ya nemi ɗan gida tukuna, sai ya rasa sannan ya ɗauko baƙo?

A mafi yawan lokuta ba dole ba ne, kuma nan ne mutane da yawa, har da wasu 'yan siyasar Amurka, suke kuskure. Abin da doka ta nema daga kamfani shi ne ya cika takarda ga Ma'aikatar Ƙwadago yana alƙawarin abubuwa huɗu: zai biya baƙon albashin da ake biya a wannan sana'a a wannan yanki ko kuma wanda yake biyan takwarorinsa a cikin kamfanin, duk wanda ya fi yawa, ɗaukarsa ba za ta lalata yanayin aikin sauran ma'aikata ba, babu yajin aiki a wurin, kuma an liƙa sanarwa ma'aikata sun gani. Babu inda aka ce ya nuna cewa ya yi cigiyar ɗan gida bai samu ba.

Sharaɗin neman ɗan gida yana hawa ne kan kamfanonin da suka dogara da wannan biza, wato, ga mai ma'aikata sama da hamsin, wanda kashi 15 cikin ɗari ko fiye na mutanensa masu H-1B ne. Su ma an bar musu ƙofa: idan baƙon yana da digiri na biyu, ko kuma za a biya shi dala 60,000 a shekara, sharaɗin ya faɗi. An yanka wannan adadi na dala 60,000 ne tun 1998, lokacin da yake kuɗi mai kauri, kuma har yau ba a taɓa shi ba, alhali yanzu da wuya a samu injiniyan manhaja a babban birnin Amurka da yake karɓar ƙasa da haka. A ganina wannan ita ce babbar ɓaraka a cikin dokar, kuma ta fi duk wata hayaniya da ake yi a kafafen sada zumunta muhimmanci.

Inda ake gwada kasuwa da gaske shi ne lokacin da kamfani zai nema wa ma'aikacinsa katin dindindin ta tsarin da ake kira PERM. A nan dole ne a tallata gurbin, har da buga shi a jaridar Lahadi sau biyu, kuma idan ɗan gida da ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗa ya fito, ba za a ci gaba da neman ba. Sai dai kowa ya san kujerar da ake tallatawa akwai mai ita zaune a kai, shi ya sa wasu kamfanoni suke yin tallar ta yadda ba za a gan ta ba.

Wane ne ya fi arha ga kamfani?

Wannan tambaya ba ta amsuwa idan aka yi wa kamfanonin kuɗin goro, domin kasuwa biyu ce take amfani da biza ɗaya. Akwai irin su Google da Microsoft da Apple da Meta da Amazon, waɗanda suke ɗaukar mutum kai tsaye su ɗora shi a kan matakin albashi ɗaya da abokan aikinsa. A wurinsu baƙo ya fi tsada, saboda bayan albashi akwai kuɗin takarda, da dala 1,500 na asusun horar da ma'aikatan gida, da dala 500 na yaƙi da zamba, da ladan lauya, ga kuma jiran ƙuri'ar da ba a san yadda za ta kaya ba. Sannan akwai kamfanonin kwangila irin su Infosys da Tata Consultancy Services da Cognizant da Wipro da HCL, waɗanda sana'arsu ita ce su karɓi sashen kwamfuta na banki ko kamfanin inshora ko na wutar lantarki su gudanar da shi da kuɗi ƙasa da yadda mai shi yake kashewa. Ribarsu tana fitowa ne daga tazarar albashi, kuma galibi ma'aikacin da suka kawo Amurka gada ce tsakanin mai ba da kwangila da babbar tawagar da ke Bangalor ko Haidarabad a Indiya.

Ita kanta ƙa'idar albashin tana da matakai huɗu, daga sabon shiga zuwa gwani, kuma matakai biyu na ƙasa ba su kai matsakaicin abin da ake biya a sana'ar ba. Kamfani ne yake zaɓar matakin da zai rubuta bisa yadda ya siffanta aikin. Wani nazari da cibiyar Economic Policy Institute ta fitar a 2020 ya gano cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na guraben da aka amince da su an ajiye su ne a waɗannan matakai biyu na ƙasa. Masu kare tsarin sukan amsa da cewa matakin da aka rubuta shi ne mafi ƙarancin abin da za a biya, kuma yawancin masu bizar matasa ne da ba su daɗe da gama karatu ba. Sukan ƙara da alƙaluman hukuma da suka nuna cewa matsakaicin albashin masu H-1B a shekarar kuɗi ta 2023 dala 118,000 ne. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kowanne ɓangare dai yana kallon kasuwar da ta dace da hujjarsa.

Akwai wata rangwame da ba a cika ambata ba. Ɗalibin waje da ya gama karatu yana da izinin aiki na wata 12 da ake kira OPT, da ƙarin wata 24 idan fannin kimiyya ko fasaha ko injiniyanci ko lissafi ya karanta, kuma a yawancin wannan lokaci shi da kamfaninsa ba sa biyan harajin fansho da lafiyar tsofaffi, wanda rabon kamfani a cikinsa kashi 7.65 ne na albashi. Da zarar ya koma H-1B rangwamen ya ƙare, amma a shekarun farko yana sa shi ya ɗan fi abokin karatunsa ɗan ƙasa sauƙin ɗauka.

To wane ne ya fi ƙwarewa?

Biza ba ta auna ƙwarewa. Sharaɗinta digiri ne da aikin da ya dace da digirin, kuma ƙuri'ar da aka yi shekaru ana yi ba ta bambanta mai digirin digirgir a ƙirƙirarriyar basira da wanda zai riƙa gwada manhajar biyan albashi. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne cewa a azuzuwan digiri na biyu da na uku na kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Amurka ɗaliban waje sun fi 'yan ƙasa yawa, don haka kamfanin da yake neman mai irin wannan karatu zai tarar da baƙi sun cika layi. A ayyukan yau da kullum kuwa, kamar kula da rumbun bayanai da tallafa wa masu amfani da manhaja, da'awar cewa babu 'yan gida tana da rauni, musamman bayan Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, sannan Amazon ta sallami 18,000, Google 12,000, Microsoft kuma 10,000 a farkon 2023.

Me ya sa ake cewa mai biza ya fi haƙuri da wahalar aiki?

Saboda zamansa a ƙasar a hannun kamfani yake. Idan aka sallami ɗan gida, zai rasa albashi da inshorar lafiya, ya nemi tallafin marasa aiki, ya yi wata shida yana neman inda ya dace da shi. Idan aka sallami mai H-1B, agogo ne yake fara bugawa: yana da kwana 60, bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2017, ya samu wani kamfanin da zai shigar masa da sabuwar takarda, ko ya sauya nau'in biza, ko ya tattara ya fita. A cikin waɗannan kwanaki ne zai yi intabiyu zagaye huɗu ko biyar, ya jira a yi masa tayi, lauya ya shirya takardu, alhali akwai bashin gida a kansa, yaransa suna tsakiyar zangon karatu, matarsa kuma, wadda take kan bizar H-4 ta iyalan mai H-1B, ba ta da izinin aiki sai idan neman katinsa na dindindin ya kai wani mataki. Mutumin da ya san haka yana jiransa ba zai yi saurin musu da manajansa a kan aikin dare ko na ƙarshen mako ba.

Doka ta ba shi damar sauya kamfani, kuma dubbai suna sauyawa kowace shekara, don haka kiran abin bauta, kamar yadda wasu suke yi, ya wuce gona da iri. Amma layin katin dindindin yana ƙara ɗaure shi. Katunan da ake bayarwa ta hanyar aiki 140,000 ne a shekara, har da na mata da 'ya'ya, kuma an ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari, ko Indiya ce ko ƙaramar ƙasa irin Aisland. Sakamakon haka ɗan Indiya yakan jira fiye da shekara goma, ɗansa da ya taso a Amurka kuma yana iya cika shekara 21 ya fita daga takardar uban kafin layi ya iso. Wannan rashin 'yancin ajiye aiki shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin mutanen biyu, kuma yana cutar da su duka: baƙon yana haɗiye abin da bai kamata ya haɗiye ba, ɗan gidan kuma yana takara da wanda ba ya iya cewa a'a.

An taɓa korar 'yan gida aka maye gurbinsu da masu biza?

An yi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Disney a Orlando, inda aka sanar da kimanin ma'aikatan kwamfuta 250 a ƙarshen 2014 cewa aikinsu zai ƙare a Janairun 2015, aka kuma nemi wasunsu su koya wa ma'aikatan kamfanin kwangila aikin kafin su tafi, idan suna son cikakken kuɗin sallama. Mutum ya zauna makonni, wanda zai gaje shi yana gefensa yana rubuta duk abin da yake yi. Irin haka ta faru a kamfanin wutar lantarki na Southern California Edison a daidai wannan lokaci. Ƙarar da wasu ma'aikatan Disney suka shigar kotu ta kore ta a 2016, kuma darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne cewa idan kamfanin kwangila ne ya ɗauki baƙon, wani kamfanin daban kuma ya yi sallamar, da wuya a kama kowa da laifi.

A wasu wuraren hukuma ta yi nasara. A Oktoban 2021 Facebook ya amince ya biya har dala miliyan 14.25 don sasanta zargin Ma'aikatar Shari'a cewa ya ɓoye guraben PERM daga shafinsa na ɗaukar aiki, ya kuma ce sai ta gidan waya za a aiko da takardar nema, alhali sauran gurabensa ta intanet ake nema. Apple ya sasanta irin wannan zargi da dala miliyan 25 a Nuwamban 2023. A Oktoban 2024 kuma masu taya alƙali hukunci a Los Anjeles suka samu Cognizant da nuna bambanci ga ma'aikatan da ba 'yan Indiya ba.

Me binciken masana tattalin arziki ya nuna?

Bakinsu bai zo ɗaya ba. William Kerr da William Lincoln sun gano cewa ƙaruwar bizar tana tafiya da ƙaruwar rajistar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire, ba tare da na 'yan ƙasa sun ragu ba. Kirk Doran da Alexander Gelber da Adam Isen, da suka bi kamfanonin da suka ci ƙuri'ar 2006 da 2007, sun ga cewa ƙarin mai biza yana rage ɗaukar wasu ma'aikata a kamfanin. John Bound da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa da babu shigowar baƙi a shekarun 1990, da albashin masana kwamfuta 'yan ƙasa ya fi yadda yake a 2001 da kashi 2.6 zuwa 5.1, ko da yake masu sayen kayan fasaha da kamfanoni sun amfana. Britta Glennon kuma ta nuna cewa idan aka tsuke bizar, manyan kamfanoni sukan buɗe guraben a rassansu na Indiya da Sin da Kanada. Wannan na ƙarshe ya kamata mai neman a rufe ƙofa ya yi la'akari da shi, domin aikin manhaja ba ya buƙatar jirgin ruwa kafin ya ƙaura.

Doka ta yarda manaja ya fifita ɗaya a kan ɗaya?

Kusan kowace takardar neman aiki a Amurka tana ɗauke da tambayoyi biyu: ko mai nema yana da izinin aiki a ƙasar, da kuma ko zai buƙaci kamfani ya tsaya masa a kan biza yanzu ko nan gaba. Kamfani yana da 'yancin cewa ba ya tsaya wa kowa, kuma ƙananan kamfanoni da yawa haka suke yi, har na'urar tantancewa takan ajiye takardar wanda ya amsa da e tun kafin idon mutum ya gan ta. Doka ta kuma yarda a zaɓi ɗan ƙasa idan cancantarsa ta zo daidai da ta baƙon. Abin da ta hana shi ne a ƙi ɗan gida don ana son mai biza, ko a rubuta talla cewa masu H-1B kaɗai ake nema, ko a ware mutum saboda asalin ƙasarsa ko lafazinsa.

Me ya sauya a 2025?

Rikici kan bizar ya fito fili a Disamban 2024 a cikin magoya bayan Donald Trump kansu, inda Elon Musk da Vivek Ramaswamy suka kare bizar, Steve Bannon da wasu suka yi mata ca, Sanata Bernie Sanders ma daga ɗaya ɓangaren ya soke ta. A ranar 19 ga Satumban 2025 Trump ya sa hannu a kan umarnin biyan dala 100,000 kan sababbin takardun H-1B. Bayan ruɗanin kwanaki biyu, da ya sa wasu ma'aikata suka katse hutu suka ruga filin jirgi, gwamnati ta bayyana cewa sau ɗaya ake biya, bai shafi masu riƙe da bizar ba, kuma daga baya aka fayyace cewa ɗalibin da ke cikin ƙasar yana sauya matsayinsa ba ya ciki. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta Amurka da wasu sun garzaya kotu. A ƙarshen shekarar kuma aka fitar da ƙa'idar da ta sauya ƙuri'ar, ta yadda wanda aka rubuta a matakin albashi na huɗu sunansa zai shiga sau huɗu, na matakin farko kuma sau ɗaya. Wannan yana rage wa kamfanonin kwangila tagomashi, amma yana taɓa sabon mai digiri da ƙaramin kamfanin da ba ya iya gogayya da albashin manyan kamfanonin fasaha na Silikon Bali.

Ina matsayin ɗan Najeriya ko ɗan Nijar a wannan lamari?

Rabon 'yan Najeriya a bizar H-1B bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawancin waɗanda suka samu ta hanyar karatu suka bi: bizar ɗalibi, sai OPT, sai ƙuri'a. Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka yawan ɗalibai a Amurka, da kimanin 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024, kuma ɗan Najeriya ba ya fuskantar dogon layin katin dindindin irin na ɗan Indiya. Sai dai umarnin da Trump ya fitar a Disamban 2025, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ya dakatar da ba 'yan Najeriya sababbin bizar ziyara da ta karatu da ta zama na dindindin, ya kuma sanya Nijar cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, inda Chadi da Sudan suke tun Yunin 2025. Wanda yake Kano ko Kaduna yana fatan kamfanin Amurka ya ɗauko shi kai tsaye yana cikin rukunin da umarnin Satumban 2025 ya ɗora wa kuɗin dala 100,000, shi ya sa tayin da ya fi yiwuwa ya samu shi ne na yin aikin daga gida a matsayin ɗan kwangila, ko kuma a reshen kamfanin da ke wata ƙasa.